Kwandon da Aka Soke

Shagona na Sabon Gari, lungu na uku in ka bar masu goro,
nan allunan kwamfuta ke zuwa jinya.
Wani ya makance, wani yana ƙyafta ido,
wani ya sha wutar dare ya ƙone ciki.
Mai kaya fuska yake dubawa,
ni kuwa ƙeya nake fara juyowa.

A ƙeyar akwai 'yar takarda, faɗin tafin jariri,
rubutu ƙanana kamar ƙwan kiyashi:
tauraro, ganye, lambobi a jere,
sai kwandon shara da aka soke da layi biyu.
Shekara goma sha ɗaya ina goge mata datti,
ban taɓa tambayarta me take faɗi ba.

Ɗayyabu ne ya tambaya, yaron shago,
ranar da babu wuta, muna ɓarar gyaɗa:
"Oga, wa ya ɓata wa kwandon nan rai?"
Na ce ado ne na Turawa.

Ran Laraba Malama Barira ta zo daga ofishin muhalli,
fayil a hammata, takalmi duk taɓo.
Na ba ta kujera, ba ta zauna ba.
Ta kifa allo kan benci, ta ɗora yatsa.
Tauraron, in ji ta, alkawari ne:
in ya yi barci ba zai riƙa zuƙar wuta ba.
Ganyen, an rage masa dalma.
Kwandon kuwa wasiyya ce:
in na mutu kada a kai ni bola,
akwai zaiba a fitilata, akwai guba a hanjina.

Sai ta sa farce ta ɓamɓare tauraro ɗaya.
Ya taso salin-alin kamar ɓawon dafaffen ƙwai.
Na san shi.
Mudi na Tudun Wada ke buga su, arba'in a takarda guda,
ni na manna shi da babban yatsana a kan ɗan kwatano
don wata ɗalibar Samaru ta ƙara dubu biyu.
Ta dube ni. Na dubi fanka,
fankar ma a tsaye take.

"Waɗanda suka mutu fa, ina kake kai su?"

Lawandi ɗan gwangwan ke zuwa da baro ran Asabar.
Ya fasa, ya zare jan ƙarfe,
ya cinna wa saura wuta a bakin Kubanni,
hayaƙi baƙi ƙirin mai ɗaci har maƙogwaro.
Ruwan farko ya kwashe tokar ya gangara da ita,
rani ya zo a kafa inji a shayar da latas.
Shekaranjiya na sayi ƙulli biyu,
Sa'ade ta kwaɗa da ƙuli, har tana lasar kwano.

Ban faɗa mata wannan ba.
Na ce, "Ana kwashewa."
Ta rubuta wani abu, ta ce za a turo mota wata mai kamawa.

Wata uku ke nan.

Ban ƙara ba Lawandi ko waya ba.
Ya daina gaishe ni. Baki shida gare shi a gida,
ban ga laifinsa ba.
Matattun na jere a bayan ƙofa, goma sha tara,
fuska a bango, ƙeya a waje,
sun cinye wurin da nake shimfiɗa sallaya.
Ɗayyabu ya ce shago ya koma maƙabarta
kuma har yanzu ba a samu liman ba.

Taurarin Mudi saura goma sha uku a aljihun tebur.
Na so in ƙone su, ashana na hannuna,
sai na tuna hayaƙi.

Kullum in na zare kwaɗo na tura ƙofa,
kwanduna goma sha tara ke fara kallona.
In ce musu: ku yi haƙuri,
ƙila motar na cikin cunkoson Kwangila.